Ubana ya saƙa atamfa a Kakuri, ni kuma ina sayar da ta Chana a Balogun

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, dan Allah a ɗan sam min fili in amayar da abin da ya tsaya min a maƙoshi yau kusan sati biyu. Ni ba wani ɗan boko bane, sakandare na gama na shigo Ikko neman abinci, yanzu shekara ashirin da ɗoriya ina harkar atamfa da shadda a kasuwar Balogun, kwana kuma a Agege. A waya nake rubuta wannan, in an ga kuskure a yi haƙuri a gyara.

Abin da ya jawo maganar, ɗan ƙanwata ne da ke karatun tattalin arziki a jami'a yazo min hutu. Ranar wata Lahadi da daddare muna zaune teburin mai shayi a bakin layinmu ana ta kukan tsadar biredi kamar kullum, sai wani dattijo mai sayar da goro yace ai tunda aka buɗe ƙofa kayan waje suka cika ƙasa muka shiga uku. Kowa yace gaskiya ne Baba. Sai yaron nan ya ajiye kofinsa yace "Baba a gafarce ni, amma fa ciniki tsakanin ƙasashe yana cikin manyan abubuwan da suka fitar da mutum sama da biliyan ɗaya daga talauci a duniya." Wallahi raina ya ɓaci, nace kai wane biliyan, a wace duniyar? Yace "Kawu tsaya ka gani," ya zaro waya ya nuna mana lissafin Bankin Duniya. Wai a 1990 mutum kusan biliyan 1.9 ne ke cikin matsanancin talauci, kashi 36 cikin ɗari na mutanen duniya, zuwa 2015 suka dawo miliyan 736, wajen kashi 10 cikin ɗari. Ƙasar Chana ita kaɗai ta fitar da kusan miliyan 800 cikin shekara 40. Nayi shiru, don bana musu a kan abin da ban sani ba. Amma nace masa ɗan ƙara jan allon ƙasa mu ga namu. Da ya ja sai gashi a Afirka kudu da Sahara adadin ba raguwa yayi ba, daga miliyan 278 ya haura zuwa miliyan 413 a tsakanin waɗannan shekarun dai. Mai goro ya kaɗa kai yace "to ka ji ɗan nan, biki ɗaya aka je, wasu suka ci tuwo wasu suka wanke kwano."

Tun daren nan maganar take min yawo a kai, domin ni duka ɓangarorin biyu a gidanmu suke, wanda cinikin ya kassara da wanda yake ci a cikinsa.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, sama da shekara ashirin yayi yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, sashen da ake buga zane a jikin yadi. Wanda bai ga Kakuri a wancan zamanin ba ko na faɗa masa ba zai gane ba. Jiniyar canjin aiki na kaɗawa zaka ga kekuna kamar fari sun fito, masu shiga na shiga masu fita na fita, mu yara ma da jiniyar nan muke sanin lokacin makaranta yayi ba da agogo ba. Baba yakan dawo da launi a faratansa, yau shuɗi gobe ja, Inna tana masa tsiya wai ya fi ta iya ƙunshi. Kuma ba Bahaushe kaɗai ba, Katafawa da Tibi da Idoma da Ibo da Yarbawa duk inji ɗaya suke tsayuwa a kai, kwano ɗaya suke ci. Bayan ma'aikacin akwai mai tuwo-tuwo a bakin get, akwai mai facin keke, mai gidan haya, tela, mai kantin da ke ba da bashi sai ƙarshen wata, can baya kuma ga manomin auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau da masu injin gurza. Tun 1957 zamanin Sardauna aka kafa masaƙa ta farko a Kaduna, babbar masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, har ta kai ana cewa in ka cire gwamnati babu mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan kamar masaƙu.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba, a hankali ta zo kamar ciwon ajali. A 1986 Babangida ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki, naira ta karye, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa waje suka yi tashin gwauron zabi, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, manomi ya rasa mai bashi iri mai kyau da tsayayyen farashi. A 1995 muka shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya WTO, a 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi. Chana ta shiga ƙungiyar a ƙarshen 2001, farkon 2005 kuma aka soke tsarin kason da ke taƙaita yawan tufafin da ƙasa za ta iya turawa manyan kasuwanni, daga nan masaƙun Asiya suka buɗe wuta ba ƙaƙƙautawa. Zamanin Obasanjo an sake hanawa, amma hanin sai ya zama kakar 'yan fasa-ƙwauri, kaya su sauka Kwatano su zagaya ta Nijar su shigo ta daji, washegari suna Kantin Kwari kamar daga sama suka faɗo. Ga NEPA ba wuta, ga baƙin man da ake hura tukunyar inji da shi yayi tsada kuma sai an sha wuya kafin a samu. Abin da ya fi ƙona wa Baba rai shi ne satar zane. Sabon zane ya fito Kaduna, kafin wata biyu an kai shi Chana an bugo irinsa sak, har rubutun gefen, a rabin kuɗi. UNTL da ake ganin giwa ce ta rufe a 2007. Su Baba kuwa ranar da aka rufe tasu takarda kawai suka tarar manne a get. Kuɗin sallamarsa ya bi har ƙafa ta gaji, yau taro gobe kwamiti, ya koma gadin wani shago da daddare, mutumin da a da yake da yara takwas a ƙarƙashinsa a wajen aiki. Har ya koma ga Allah ba a cika masa haƙƙinsa ba.

To laifi tudu ne. Irin atamfar nan da ta tashi Baba daga aiki ita nake sayarwa yau, da ita nake biyan haya, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara har da taimakon wannan mai min lacca a teburin shayi. Kuma in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, arahar tana da amfani ga talaka. Watannin baya wani saurayi ɗan dako daga kasuwar Mile 12 yazo shagona, kuɗinsa ƙulle a baƙar leda, 'yan ɗari biyar-biyar da ɗari biyu duk sun yi laushi saboda gumi. Lefe yake haɗawa. Ya tsaya yana kallon Holan da Super da ke rataye a sama, ya tambayi kuɗin turmi ɗaya, da na faɗa masa sai yayi dariya yace "Alhaji ai sai dai in aura wa wani ita." Na sauko masa da 'yan Chana masu kyau, ya zaɓi turmi shida, muka ƙirga kuɗin nan sau biyu a kan benci, har ya samu canjin mota. Da Holan ce kaɗai a duniya da yaron nan har yau gwauro ne. Haka wayar da nake rubutun nan da ita, da fitila mai sola da matanmu a ƙauye suka huta da sayen kananzir saboda ita, da Keke Napep da babur ɗin Indiya da dubban yaranmu ke ci da su, da ƙaramin janareton mai aski. Wanda yace duk kayan waje sharri ne bai faɗi gaskiya ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Na tambayi ɗan dakon nan garinsu yace Gusau. Gusau fa, garin da aka sani da auduga da injin gurza da masaƙa. Me ya kawo shi Legas yana ɗaukar kwandon tumatir a ka yana kwana a rumfa? Araha tana yi wa wanda ke da kuɗi a aljihu amfani ne. An rage masa kuɗin turmin atamfa, an kuma ɗauke aikin da zai ba shi albashin sayen ta duk wata, wannan lissafin ne yaron ƙanwata bai nuna mana a waya ba. Nace masa kai ɗalibi ne, ka auna min, wanda ke samun rangwamen dubu biyu a kan zane sau biyu a shekara da wanda ya rasa albashin wata goma sha biyu, wa ya fi wani? Yace a littafi ana cewa ribar da ƙasa ta samu gaba ɗaya ta fi asarar, kuma waɗanda suka samu za su iya biyan waɗanda suka rasa diyya. Nace "za su iya", to sun biya? Wa ya biya kakanka?

Su waɗanda suka ci moriyar nan da muke ta yabo, na bincika na tambayi abokanmu da ke zirga-zirga Guangzhou, ba buɗe ƙofa suka yi suka kwanta ba. Chana ta ware Shenzhen a 1980 tace bature zo ka kafa masana'anta ga wuta ga hanya ga tashar jirgi ga ma'aikata masu araha, amma a fannoni da yawa sai ka haɗa gwiwa da ɗan ƙasa, yaranmu su koyi aikin. Koriya ta Kudu ta kare kamfanoninta tana basu bashi mai sauƙi, da sharaɗin su fitar da kaya waje su yi gogayya, wanda ya kasa a janye masa. Samsung ɗin nan da kowa ke taƙama da wayarsa, a 1938 busasshen kifi da taliya yake sayarwa, kamar wani ɗan tireda a Oyingbo. Biyetnam kuwa abin har da ban haushi, ɗanyen kashu take saye daga wajenmu da maƙwabtanmu, ta fasa ta gyara ta zuba a leda, yau ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Su da abin da hannunsu ya sarrafa suka je kasuwar, shi yasa aikin yi ya zauna a gidansu.

Kuma kada a ɗauka can ma aljanna ce. A Bangaladash, inda tufafi suka fi kashi 80 cikin ɗari na abin da suke fitarwa, ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta kan masu ɗinki, mutum 1,134 suka mutu, akasarinsu mata, bayan an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin nan aka ce su koma aiki. Rigar da suke ɗinkawa a kantunan Turai ake sayar da ita, abin da ke zuwa hannun mai ɗinkin bai taka kara ya karya ba. Ita Chanar ma talauci ya ragu amma ratar da ke tsakanin attajirin birni da manomin ƙauye ta buɗe ƙwarai. Wato tazarar da ke tsakanin wasu ƙasashe ta ragu, ta cikin gida kuma ta ƙaru a wurare da dama.

Abin da ke bani dariyar takaici shi ne masu yi mana wa'azin a buɗe kasuwa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Amurka ta shekara da shekaru tana zuba wa manoman audugarta tallafin biliyoyin daloli, suna noma fiye da buƙata farashi yana faɗuwa a duniya, manomin Mali da ke huɗa da shanu shi ke kwana da yunwa. A 2003 sai da Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka haɗu suka kai kuka taron WTO na Cancun. Brazil da ke da ƙarfin shari'a ta kai ƙara ta ci, a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe maganar, su ƙananan kuwa sai haƙuri. Ruwanda tace ta gaji da gwanjo tana so ta raya masu ɗinkinta, ta ƙara wa gwanjon haraji, a 2018 Amurka ta dakatar da rangwamen da take yi wa tufafinta a ƙarƙashin AGOA, tsarin da ke barin kayan Afirka su shiga Amurka ba haraji. Da masana'antun Amurkar suka fara rufewa saboda kayan Chana, irin abin da ya samu Kakuri, ai ba haƙuri suka ba ma'aikatansu ba. A Afrilun 2025 Trump ya tashi ya lafta wa duniya haraji, Najeriya kashi 14, Lesotho da ba ta kai wata jiharmu yawan jama'a ba kashi 50 a sanarwar farko. Yanzu 'yar ƙasarmu Ngozi Okonjo-Iweala ce ke shugabantar WTO tun Maris ɗin 2021, muna alfahari, amma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar tun Disambar 2019 ba ta aiki saboda Amurka ta hana a naɗa alƙalai. Kasuwa ce da babu sarkin kasuwa, mai ƙarfi shi ke yanka farashi.

Sai dai Malam Edita ba zan ɗora wa bature komai ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya taɓa shiga tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can ya ga yadda kwantena ke shigowa cike, da yawa kuma su koma fanko. Wadda ta samu kaya me ke ciki? Riɗi ɗanye, zoɓo, citta, ƙaro, koko, kashu, fata. In ka cire su sai ɗanyen mai, wanda shekara da shekaru muna fitar da shi muna sayo tataccen, sai yanzu da matatar Dangote ta Lekki ta fara aiki. Fatar jan akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take bi ta isa wajensu, har yau majemun Kano suna jeme ta a tura Italiya da Sifen, a ɗinka jaka a manna suna, kuɗin jaka ɗaya ya sayi garken awaki. Kirgin shanu kuma mun cinye shi ganda a buka. Kwaddebuwa da Gana su ke noma kusan kashi 60 cikin ɗari na kokon duniya, amma manomin koko nawa ne ya taɓa sayen kwalin cakulan da kuɗinsa? Waken mu ma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da shi saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a sito. Wannan kam ba makirci bane, mu muka yi, kuma waken da suka ƙi mu muke cin sa.

Ka dubi teburin mai shayin da muke zaune ma. Biredin Agege da muke alfahari da shi alkamarsa ta jirgin ruwa ce, shi yasa da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022 sai da muka ji a kofin shayinmu. Madarar gari daga waje, alhali Bafulatana na yawo da ƙwarya a ka nononta na tsami don babu wanda zai tattara ya sanyaya. Sukari ɗanyensa daga Brazil ake kawowa a tace a nan Apapa. Ƙwai ne kaɗai zan rantse namu ne. Kakanninmu dalar gyaɗa suka sani a Kano, mu dalar Amurka muka sani, in ta yi tari a Legas sai mai shayi ya rage cokalin madara.

Maganar dala ce ma ta kawo ni kan abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda cinikin wajen ke raba mu gida biyu a cikin ƙasa ɗaya. Kafin a saki naira a Yunin 2023, dala a banki wajen naira 460 take, a kasuwar canji ta haura 700. Wanda ke da hanya ya samu ta banki, kafin ya sayo ko allura ya riga ya ci riba, mu ƙananan 'yan kasuwa kuwa sai ta bayan fage, kuma kasuwa ɗaya za mu kai kayan. Da aka sake ta, cikin 'yan watanni ta wuce 1,500, jarin da ke ɗauko min dila goma ya koma ba ya ɗauko huɗu, masu ajiyar dala kuma suka wayi gari dukiyarsu ta ninka suna barci. A 2015 Babban Banki ya fitar da jerin kaya 41 da ba za a ba da dala a shigo da su ba, har da tsinken sakace, aka yi ta dariya, amma wa ya tsaya ya ba mai son yin tsinken a gida wuta? Sai aka zo rufe boda a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Na yarda an kafa injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi, wasu manoma sun samu, ban musa ba. Amma buhun shinkafa a Legas tashi yayi bai sake saukowa ba, mata masu ɗan saro kaya daga bodar Seme jarinsu ya karye, albasa da tumatir ɗin masu kaiwa maƙwabta suka ruɓe a mota, su kuwa manya masu takardar alfarma da masu hanyar dare ba abin da ya same su. An buɗe talaka ya sha, an rufe talaka ya sha. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Shi yasa da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fito a 2022 tace mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, miliyan 86 daga ciki a Arewa, ban yi mamaki ba, ina ganinsu kullum suna sauka daga bayan tirelar shanu da buhu ɗaya a kafaɗa.

Ko hanin fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗe da gwamnati ta yi a Agustan 2025, manufar mai kyau ce, a sarrafa man a gida. Amma rana tsaka aka sanar, farashi ya faɗi, wa ya fara ji a jikinsa? Matan ƙauye masu tsintar kaɗanya a daji tun asuba. Ai kamata yayi a fara tanadar injinan da za su saye a hannunsu da daraja kafin a rufe ƙofa.

Mu fa Hausawa ba baƙin fatauci bane da za a ce muna tsoron kasuwar duniya. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, ayarin raƙuma na zuwa daga Arewacin Afirka. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da saƙi da turkuɗin Kano ana kai su har Timbuktu. Fataken goro da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja, su Alhassan Ɗantata a wannan hanyar suka fara, zaman Hausawa a Agege ɗin nan ma goro na cikin abin da ya kafa shi. Amma ka lura da abin da ke kan jakin: zane ne da masaƙi ya saƙa marini ya rina mabugi ya buga, takalmi ne da sirdi da baduku ya ɗinka. Kafin kaya ya bar gari hannu biyar ya ci abinci a kansa. Yau riɗi daga gona sai buhu sai tirela sai jirgi.

Ana ta maganar yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019 aka ce ta fara aiki 1 ga Janairun 2021. Ina mata fatan alheri, don cinikin da ƙasashen Afirka ke yi tsakaninsu bai wuce kashi 15 cikin ɗari na cinikinsu ba. Amma dan Allah wanda ya rubuta ta ya taɓa bin mota daga Mile 2 zuwa Seme? Ya ƙirga shingaye? Direban da ke kawo tumatir daga Kadawa zuwa Mile 12 ya faɗa min abin da yake rabawa a hanya, wannan rasit wancan ba rasit, kafin ya iso kashi ɗaya na kayan ya zama ruwa a ƙasan kwando, sannan matar gida ta ga tumatirin gwangwani ya fi mata sauƙi. A cikin ƙasa ɗaya kenan fa, ba a kai ga tsallaka boda ba. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, to ina jiragen ƙasan da za su riƙa jigilar kwantenar kullum?

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura wakilinka Kakuri da unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa a Kano ya ɗauko hoton gine-ginen nan da ciyawa ta cinye, ya nemi tsofaffin ma'aikatan da suka rage ya ji nawa ne aka biya nawa ne suka mutu suna jira. Sannan duk ɗan siyasar da ya zo yana cewa zai farfaɗo da masaƙu, kada a bar shi ya tsaya a nan, a tambaye shi wutar daga ina, audugar wa zai noma da wane iri, bodar wa zai tsare, don mun ji wannan alkawarin tun ina saurayi.

Yaron ƙanwata ya koma makaranta shekaranjiya. Kafin ya tafi na buɗe akwatin Inna da ke wajena na nuno masa wani zane da Baba ya kawo mata daga wajen aiki da Sallah, ya fi shekara talatin, an wanke shi ba adadi amma launin na nan daram. Na ɗauko sabuwar 'yar Chana daga cikin samfurin da nake zuwa da su gida na ɗora kusa da shi nace taɓa ka ji. Ya murza wannan ya murza wancan, ya juya gefen yana karanta rubutun, sai yace "Kawu ka bar min wannan in tafi da shi, aikin kammala karatuna a kansa zan rubuta." Nace hoto dai zaka ɗauka, zanen ba ya barin gidan nan.

Na gode da fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu kullum,
wani ɗan kasuwar atamfa,
Agege, Legas.